Me Ya Sa Atisayen Turanci Ba Ya Zama a Bakin Ɗalibanmu?

A wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo da na koyar a shekarun baya, na shiga ajin 'yan shekara ta biyar wata safiya na tambaye su ma'anar suna a nahawun Turanci. Kafin in rufe baki aji ya ɗauka da murya guda: “A noun is the name of a person, animal, place or thing.” Na tambayi ma'anar aikatau suka kawo, na tambayi rabe-raben kalmomi guda takwas suka jero su babu tuntuɓe. Daga nan sai na ce kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta mini jimla biyar a kan abin da ya yi jiya bayan an tashi daga makaranta. Wata ɗaliba da ke zama a bencin gaba, wadda kusan kullum ita ke zuwa ta ɗaya a gwajin zaɓen amsa, ta rubuta: “Yesterday I have go to market and I buy tomato, my mother she cook it.” Na kira ta na ce, “Wace siffa ‘go’ take ɗauka idan aikin ya riga ya wuce?” Ba ta yi jinkiri ba ta ce, “Malam, ‘went’ ne.” Ta san amsar sarai, amma a lokacin da biro yake hannunta tana ƙoƙarin fitar da abin da ke zuciyarta, sanin bai kawo mata ɗauki ba.

Wannan tazara da ke tsakanin sanin doka da iya aiki da ita ita ce ainihin matsalar atisayen Turanci a makarantunmu. Yaron da ya yi shekara 6 a firamare da 6 a sakandare ya cike gurabe ba iyaka, ya haddace jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da masu kishiyantar juna, iyayensa sun biya kuɗin lesin na yamma da na hutu, don haka zargin lalaci bai isa ya bayyana halin da yake ciki ba. A ganina aibi biyu ne ke tattare da irin atisayen da muke bayarwa. Yana horar da ɗalibi ya gane amsa idan ya gan ta, ba ya horar da shi ya ƙera jimla da kansa. Sannan an tsara shi ba tare da la'akari da harshen da ke zaune a ƙwaƙwalwar yaron tun kafin ya san ƙofar makaranta ba.

Aibi na farko jarrabawa ce ta haife shi, kuma ba a rasa dalili ba. Samun gurbi a jami'a yana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci a jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Bayan wannan akwai jarrabawar JAMB, inda Turanci yake wajibi a kan kowa ko da likitanci zai karanta: tambaya 60 cikin 180, dukkansu na zaɓen amsa, a kan kwamfuta, cikin awa 2. A WAEC ma takarda ta farko tambayoyin zaɓe ne guda 80 a kan kalmomi da ginin jimla, ta uku kuma guda 60 a kan furuci. Malamin da ya dubi wannan lissafi, ga shi da ɗalibai maƙil a aji, ba abin mamaki ba ne ya rungumi tsofaffin tambayoyi ya mayar da su manhaja, domin suna da saurin bayarwa da saurin dubawa. Abin da ake mantawa shi ne takarda ta biyu ta WAEC, wadda ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, ita ke ɗauke da maki 100, fiye da sauran biyun a haɗe. A cikin maki 50 na insha'i, wanda ake so ya kai kalma 450, maki 20 na ingancin bayyana tunani ne, 10 kuma na tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kuskure 20 ya share wannan kaso gaba ɗaya, kuma ɗalibar da na ambata ta yi aƙalla biyar a jimla guda.

Wanda aka ajiye wa “go”, “goes”, “went” da “gone” a gabansa aka ce ya zaɓa, an riga an yi masa rabin aikin. An gaya masa inda tarkon yake, an gaya masa cewa a kan aikatau ake gwada shi, an kuma kawo masa amsar a cikin tire. Wanda aka ce ya ba da labarin jiya kuwa, hankalinsa yana kan labarin ne, yana neman kalmomi, yana tunanin abin da zai biyo baya, kuma babu mai taɓa shi a kafaɗa ya ce ga wurin da zai canza siffar aikatau. A irin wannan hali abin da ya zama jiki kaɗai ke fitowa, sauran kuwa harshen uwa ne ke cike gurbinsa. Mai koyon tuƙi yana iya faɗin aikin kulochi da giya da baki tun ranar farko, amma sai ya yi makonni a kan titi kafin ƙafarsa da hannunsa su daidaita ba tare da ya yi tunani ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka tara littattafan insha'i na ɗalibai Hausawa daga Sakkwato, Kano, Bauchi da Zariya aka duba, za a ga kurakuran kusan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu ana iya bin sawunsu har cikin nahawun Hausa. Littattafan atisaye da ke kasuwa kuwa an rubuta su ne domin ƙasa baki ɗaya, wasu ma domin duniya baki ɗaya, sun raba shafukansu daidai wa daida tsakanin abin da Bahaushe ke iyawa ba wahala da abin da ke kayar da shi kullum.

Babban ramin shi ne lokaci. Turanci yana canza jikin aikatau domin ya nuna yaushe abu ya faru. Hausa kuwa ba kasafai take canza jikin aikatau saboda wannan dalili ba. Tana ɗora nauyin ne a kan 'yar kalmar da ke zuwa gabansa, wato zagin aikatau, kamar a “na karanta”, “ina karantawa”, “zan karanta”, “nakan karanta”. Bugu da ƙari, abin da Hausa ta fi damuwa da shi shi ne ko aikin ya kammala ko yana kan gudana, ta bar wa kalmomi irin su jiya, bara, ɗazu da gobe aikin faɗin yaushe. Shi ya sa “ya tafi” guda ɗaya take tsayawa a wuri uku da Turanci ya rarrabe. A “ya tafi Zariya jiya” Turanci zai ce “went”. A “ya tafi Zariya, ba ya nan” zai ce “has gone”. A “kafin mu iso ya tafi Zariya” zai ce “had gone”. Haka “yana karatu” take zama “is reading” idan yanzu ake nufi, ta zama “was reading” a cikin “da na shiga yana karatu”. Ɗalibin da aka gaya wa cewa “have” tana nuna aikin da ya kammala, shi kuma a ransa “na tafi” aiki ne da ya kammala, yana da cikakkiyar hujja idan ya rubuta “I have gone yesterday”. Bai san cewa Turanci ba ya yarda a haɗa wannan siffa da ƙayyadadden lokacin da ya shuɗe ba, kuma haddace sunayen lokuta goma sha biyu da ke kan allo ba zai sanar da shi ba.

Akwai reshen wannan matsala da ke bin ɗalibai har jami'a. Hausa tana cewa “ina da mota”, “ina son shayi”, “ina jin yunwa”, da “ina” ɗin nan da yaro ya koya cewa ita ce “I am”. Sai ya rubuta “I am having a car”, alhali aikatau na mallaka da so da sani a Turanci ba su cika ɗaukar siffar aiki mai gudana ba. A ɗaya gefen kuma Hausa tana cewa “na gane”, “na sani”, “na gaji” da zagin aikin da ya kammala, alhali halin yanzu ake nufi. Atisayen da ke magance wannan ba ya buƙatar littafi mai tsada. Malam ya rubuta jimlolin Zariya ukun nan a kan allo da Hausa, ya ce a mayar da su Turanci, ya bar ɗalibai su yi gardama a kan dalilin da ya sa kalma ɗaya ta zama uku. Washegari ya canza aikatau ya canza gari. A rana ta uku ya ce kowa ya juya ya ba na kusa da shi labarin abu biyar da ya yi ranar Juma'a, ɗayan kuma ya ƙirga aikatau nawa ya saka a siffar da ta dace. Minti goma a kullum na tsawon wata guda a kan wannan gaɓa kaɗai ya fi babi uku da aka yi a mako ɗaya aka wuce.

Jimlar ɗalibata ta nuna wani abu kuma a “my mother she cook it”. A Hausa dole ne a ce “Inna ta dafa”, “Audu ya zo”. Suna ba ya wadatarwa sai da zagi. Turanci kuwa yana ɗaukar wannan a matsayin maimaici. Daga tushe ɗaya ake samun “the boy that I gave him the money”, wadda fassara ce kalma da kalma ta “yaron da na ba shi kuɗin”. Harafin “s” ma yana da nasa ruɗanin, domin a jikin suna yana nuna yawa, a jikin aikatau kuma yana nuna mutum guda, sannan Hausa tana cewa “shekara goma”, “kwana uku”, “mota biyu” ba tare da ta jam'inta sunan ba, tun da adadin ya riga ya faɗi komai. A nan kunne ma yana da hannu. Gaɓar Hausa ba ta tara baƙaƙe biyu a farkonta ko a ƙarshenta, abin da ya sa muka mayar da kalmomin aro suka zama burodi, firamare, benci da tireda. Kunnen da ya saba da haka ba ya kama ɗan sautin da ke ƙarshen “walked” ko “asks”, kuma abin da kunne bai kama ba hannu ba ya rubutawa. Wannan ne amfanin shifta, wadda makarantu da yawa suka yi watsi da ita a matsayin tsohon yayi: gajeren sakin layi da malam zai karanta a tsanake sau biyu a mako yana tilasta wa yaro ya saurari ƙarshen kalma, yana kuma fito da rikicin “p” da “f” da na “b” da “v” fili inda za a iya gyara shi.

Sauran ramukan ƙanana ne amma suna cin maki. Kalmar “a” ɗaya tak ta Hausa, a cikin “a Kano”, “a ranar Litinin”, “a bakin ƙofa”, ita ce Turanci ya tsaga zuwa “in”, “on” da “at”. Hausa tana jam'inta shawara da bayani ta ce shawarwari da bayanai, sai ɗalibi ya rubuta “advices” da “informations”. Idan aka tambayi Bahaushe “ba ka zo jiya ba?” yakan ce “e, ban zo ba”, yana gaskata mai tambaya, Turanci kuwa “no” yake so a wurin. Irin waɗannan ba su da wata doka mai zurfi da za a yi ta bayani. Ana kama su ne da maimaita cikakkun jimloli har kunne ya fara ƙin wanda ba daidai ba.

Kada a ɗauka Hausa cikas ce kawai. Masu harsunan da ba su bambanta namiji da mace a wakilin suna ba suna fama da “he” da “she”, Bahaushe kuwa da “shi” da “ita” ya tashi. Kuskuren nan da ya yaɗu a Najeriya na cewa “they love themselves” a wurin da ake nufin “each other” minti ɗaya ya isa a warware wa ɗalibi Bahaushe shi, domin harshensa ya riga ya raba “suna son kansu” da “suna son juna”. Sai dai wannan taimako ba ya samuwa sai an yarda Hausa ta shigo aji. A makarantu da yawa har yanzu monita yana rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa domin a ci shi tara ko a ba shi shara. Niyyar mai kyau ce, amma abin da na gani da idona shi ne aji ya yi tsit, yaran da suka fi buƙatar tambaya su ne suke haɗiye ta. Ina goyon bayan a cika darasin Turanci da Turanci, a yi ta magana da shi, amma idan an zo gaɓar da harsunan biyu suka saɓa, bayanin minti biyu da Hausa yana rage wahalar wata biyu.

Wannan magana tana taɓa manufar ƙasa, wadda ta daɗe tana kai-kawo. Manufar ilimi ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da faɗaɗa wannan zuwa dukkan shekaru 6, a ƙarshen 2025 kuma ta janye ta mayar da Turanci harshen koyarwa. Tun a 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji daga Jami'ar Ife inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci, aka bar Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa da aka ba kulawa ta musamman, kuma yaran ba su koma baya a Turanci ba. Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne ingancin sa'ar da ake koyar da Turanci ya fi yawan sa'o'in da ake jin sa daga bakin malamin da shi kansa bai sake da harshen ba. Ko wace manufa ke aiki a takarda, yaron Dutsin-Ma ko Gumel da Hausa yake tunani lokacin da ya ɗauki biro.

Batun kalmomi ya fi na nahawu girma, ko da yake an fi raina shi. Dokokin nahawu da ɗalibin sakandare ke buƙata suna da iyaka, kalmomi kuwa dubbai ne. A 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma irin wannan adadi yana ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke rubutu na yau da kullum. Adadin yana da daɗin ji, amma ma'anarsa ita ce kalma ɗaya cikin kowace biyar baƙuwa ce, wato biyu ko uku a kowane layi, kuma babu mai fahimtar shafi a haka. Paul Nation, masani daga ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma haɗe da siffofin da ke fitowa daga gare ta) 8,000 zuwa 9,000 kafin ya san kashi 98 cikin 100 na abin da ke jarida ko littafin labari, inda baƙuwar kalma ke zama ɗaya cikin hamsin, mahallin jimla kuma ya isa ya nuna ma'anarta. A tsakanin waɗannan matakai biyu akwai dangin kalmomi 570 da Averil Coxhead ta tattara a 2000, waɗanda suka fi yawa a littattafan ilimi ko wane fanni ne. Tsarin ya fito fili: a fara da na kullum, a bi da na ilimi, sannan na nesa.

Mu kuwa mun juya tsarin. Akwai wata al'ada da ta kafu ta ɗaukar doguwar kalma mai nauyin baki a matsayin alamar iya Turanci, har ɗalibi ya kwana yana haddace kalmomin da ba zai sake cin karo da su ba, alhali bai iya sarrafa “get”, “take”, “make” da “put” ba, waɗanda su ne ƙashin bayan harshen. Sanin kalma ya wuce sanin fassararta. Ya haɗa da sanin waɗanda take tafiya da su. Hausa ce ta fi kowa iya nuna wannan. Muna shan ruwa, muna shan magani, ana shan taba, ana shan mangwaro, ana shan iska, ana shan wahala. Turanci yana da aikatau daban ga kowanne, kuma yaron da ƙamus ya gaya masa cewa “sha” ita ce “drink” zai rubuta “I drank medicine”. Haka “ci” take a cin abinci, cin jarrabawa, cin ƙwallo, cin bashi da cin amana. Haka “ji” take a jin magana, jin ƙanshi, jin sanyi da jin Hausa, inda “I am hearing the smell” ta samo asali. “Ara” da “ara wa” aikatau ɗaya ne a wurinmu, shi ya sa “borrow me your biro” ta zauna daram. Idan malam ya nuna wa ɗalibai cewa Baturen da ke koyon Hausa zai sha irin wannan wahala da “sha” da “ci”, nan take suke gane dalilin da ya sa bai kamata su rubuta kalma ita kaɗai a littafin kalmominsu ba. A rubuta ta da abokan tafiyarta, “take medicine”, “pass an exam”, “score a goal”, tare da jimla guda da ɗalibin ya ƙera a kan rayuwarsa.

Dubban kalmomin nan ba za su shiga ta jerin haddacewa kaɗai ba, lokacin bai isa ba. Mafi yawansu ta karatu suke shiga, idan mutum ya ci karo da kalma sau da yawa a wurare dabam-dabam. A farkon shekarun 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun yi wani gwaji a makarantun firamare na karkara a tsibirin Fiji, inda yara ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu kamar namu. Sun zuba littattafan labarai masu sauƙi kusan 250 a kowane aji aka ware lokacin karatu a kullum, kuma bayan wata 8 yaran sun ninka saurin ci gaban da aka saba gani a fahimtar karatu da sauraro. Sharaɗin shi ne littafin ya kasance mai sauƙi har yaro ya karanta shi don daɗi. Ɗalibin da aka ba littafin da yake buɗe ƙamus sau goma a kowane shafi zai ajiye shi a shafi na uku. Makarantar da ba ta da ɗakin karatu tana iya farawa da akwati ɗaya na ƙananan littattafai da ke zagaya azuzuwa, da tsofaffin jaridu da malamai suka gama karantawa. 'Yan matan da ke cinye littattafan hikaya na Hausa cikin kwana biyu sun riga sun mallaki ɗabi'ar karatun, abin da ya rage shi ne a sa musu abin da ya yi daidai da ƙarfinsu a Turanci.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke yi: wata biyu kafin jarrabawa a tara ɗalibai a yi ta ɗura musu. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka cunkusa a zama ɗaya. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger a Amurka sun ba ɗaliban jami'a kalmomin Swahili 40 da fassararsu. Bayan mako guda, waɗanda aka yi ta gwadawa suna tuno kalmomin da ka sun riƙe kusan kashi 80 cikin 100, waɗanda aka daina gwada su da zarar sun kawo kalma daidai sau ɗaya kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka riƙe, ko da sun ci gaba da kallon jerin. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Duk mahaddacin Alƙur'ani ya san cewa hadda ba ta zama da kallon shafi, sai an rufe an kawo da ka a gaban wani, kuma tsohuwar hadda tana zubewa idan ba a yi mata tilawa a kai a kai ba. Yaranmu da yawa suna yin wannan da asuba da yamma a Islamiyya, amma babu wanda ya gaya musu cewa dabarar tana aiki a kan kalmomin Turanci. Ƙananan katuna da aka yanka daga kwali, Turanci a gaba, ma'ana da jimla a baya, sun wadatar: wanda aka kawo daidai a jinkirta shi zuwa bayan kwana uku, sannan mako, sannan wata, wanda aka kasa kuma ya dawo gobe.

Akwai wata tambaya da ɗalibai masu wayo ke yi, kuma tana da hujja: idan kowa a Najeriya yana faɗin abu, me ya sa zai zama kuskure? A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “okada”, “next tomorrow” da “Kannywood”. Turancin Najeriya harshe ne mai rai da ke da nasa hali, kuma babu dalilin kunyata yaro a kansa. Sai dai shigar kalma ƙamus shaida ce cewa ana amfani da ita, ba izini ba ne na a saka ta a wasiƙar neman aiki ko a insha'in jarrabawa, inda mai dubawa ke bin daidaitaccen Turanci. Abin da ya kamata atisaye ya koyar shi ne rarrabewa, kamar yadda Basakkwace ke magana da karin garinsu a gida amma ya rubuta daidaitacciyar Hausa a takardar jarrabawa.

Duk wannan yana komawa kan malam, kuma malamin da ke da ɗalibai tamanin ko ɗari a aji, ga azuzuwa huɗu ko biyar a wuyansa, ba zai iya duba insha'i mai kalma 450 na kowa a kowane mako ba. Wannan nauyi ne ya kashe rubutu a makarantun gwamnati, ya bar zaɓen amsa yana cin karensa babu babbaka. Mafitar da na ga tana aiki ita ce a gajarta rubutun a yawaita shi: jimla shida ko takwas sau uku a mako, a kuma duba abu guda kawai a kowane zagaye. Makon nan lokacin aikatau, mako mai zuwa harafin “s”, na gaba “in”, “on” da “at”. Malam ya ja layi a ƙarƙashin kuskuren ba tare da ya rubuta gyaran ba, ɗalibi ya nemo gyaran da kansa ya sake rubuta jimlar a wani shafi na bayan littafi da ya keɓe wa kurakuransa. Jan biro da ya cika shafi yana karya zuciya, kuma yaro maki kawai yake dubawa ya rufe.

Tsofaffin tambayoyi da manhajojin wayar salula da ke kwaikwayon jarrabawar JAMB suna da amfaninsu, domin suna koyar da sauri da sabawa da kwamfuta, abin da ɗalibin ƙauye ke matuƙar buƙata kafin ranar. Ana kuma iya sauya yadda ake aiki da su ba tare da an sayi komai ba. Ɗalibi ya sa hannu ya rufe amsoshi huɗun, ya karanta jimlar, ya rubuta abin da yake ganin ya dace da gurbin, sannan ya buɗe ya gwada. Idan ya kuskure, ya tambayi kansa yadda zai faɗi jimlar da Hausa, domin sau da yawa a nan zai ga inda ƙafarsa ta zame. Bayan haka ya ɗauki amsar daidai ya ƙera sabuwar jimla da ita a kan gidansu ko unguwarsu, ya karanta ta da ƙarfi. Tambaya goma da aka bi ta wannan hanya suna cin lokacin da hamsin za su ci a zaɓe, don haka a fara tun daga shekarar farko ta babbar sakandare, lokacin da saura shekara uku a shiga ɗakin jarrabawa.